Gossip, tattle, snitch da danginsu: wace ce gulma, wace ce kai ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Wani ɗalibina ya rubuta *He gossiped me to the teacher*, yana nufin abokinsa ya kai ƙararsa wurin malami. Na san jimlar ba daidai ba ce, amma da na buɗe ƙamus sai na tarar ana fassara *gossip, tattle, tell on, snitch, chatter* da *rumour* da junansu. Don Allah mene ne bambancinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Kunnenki bai yaudare ki ba, jimlar ta karye a wuri biyu. Na farko nahawu: *gossip* ba ta faɗa wa mutum kai tsaye, sai an sa mata *about*, a ce *they gossiped about me*. Na biyu kuma, wanda ya fi girma, ko an gyara nahawun, kalmar ba ta wurin ba ce. Abin da yaron ke son faɗa shi ne *He told on me*, ko *He reported me to the teacher* idan a takardar jarrabawa ne.

Abin da ƙamus ba ya fito da shi fili shi ne inda maganar ta dosa. Idan kika riƙe wannan, rabin ruɗanin ya kau. *Gossip* gefe take tafiya, daga tsara zuwa tsara: ƙawaye a ɗaki, maza a majalisa, ma'aikata lokacin cin abinci. Wanda ake yi da shi ba ya nan, kuma cikin masu sauraro babu mai ikon yi masa komai, sai dai a yi dariya ko a riƙe baki. *Tell on* da 'yan gidansu kuwa sama suke hawa, wurin uwa, ko malami, ko maigida a wurin aiki, ko ɗan sanda, wato wanda bulala ke hannunsa. Mu ma ai mun raba, gulma daban, kai ƙara daban. Yaron naki kalmar gefe ya ɗauka ya aike ta sama.

Bari in ɗan daɗe a kan *gossip*, don ita ta fi ba mu wahala. Asalinta ba shi da alaƙa da surutu ko kaɗan. A tsohon Turanci *godsibb* ce, haɗin *god* da *sibb*, wato dangi, wannan *sib* ɗin da ke cikin *sibling*. Ana kiran wanda ya tsaya wa jariri ranar da aka yi masa baftisma da ita, ɗan'uwa na addini ke nan. Daga nan ta koma aminin kusa, musamman matan da kan taru a ɗakin mai naƙuda su taya ta zama. Zuwa ƙarni na 16 ta zama sunan mai yawan zancen mutane, sai a ƙarni na 19 aka fara kiran zancen kansa da ita. Mutumin ya riga maganar samun sunan, shi ya sa har yau *a gossip* magulmaci ne, ita kuwa gulmar ba ta da jam'i. Ɗalibin da ya rubuta *I heard many gossips* ya ce ne ya ji magulmata da yawa. Daidai shi ne *a lot of gossip*, in guda ɗaya ce *a piece of gossip*. Tarihin ya kuma bar mata wani rashin adalci, don kalmar ta fi manne wa mata, alhali duk wanda ya taɓa zama a majalisar maza bayan la'asar ya san inda gaskiya take.

Wani abin da ya kamata ki ankarar da ɗalibai shi ne *gossip* ba ta kai gulma nauyi ba. Baturiya za ta ce wa ƙawarta *come round for a good gossip* (a nan *a gossip* zaman hirar take nufi) ba tare da jin ta faɗi abin kunya ba, jaridunsu ma suna da *gossip column*, shafin da ake baje labarin aure da sakin fitattun mutane. Wane ya samu ƙarin girma, wance ta haihu, duk *gossip* ne a wurinsu, ko da babu mugun nufi. Masanin nan na Birtaniya, Robin Dunbar, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na hirar da mutane ke yi a sake zancen mutane ne da hulɗarsu, kuma da wannan faffaɗar ma'anar yake amfani da kalmar. Idan Bature na son nuna da mugunta a ciki sai ya ƙara mata sifa, ya ce *malicious gossip*. Don haka wani lokaci fassararta gulma ce, wani lokaci tsegumi, wani lokaci kuma “labarin gari” kawai.

Giba kuwa, wadda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta kwatanta da cin naman ɗan'uwa matacce, *backbiting* ce, kuma ita ba a wasa da ita, ba mai gayyatar aboki su zo su yi. A nan akwai wani bambanci mai kyau tsakanin tunaninmu da dokarsu. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. In abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu ka yi masa ƙage. Wato a wurinmu gaskiyar maganar ba ta wanke mai yin ta. A dokar Ingila kuwa, *slander* da *libel*, waɗanda *defamation* ta haɗa, ɓata suna ne da ƙarya, kuma wanda aka kai ƙara zai kuɓuta idan ya tabbatar da abin da ya faɗa gaskiya ne. *Slander* ta baki ce, *libel* ta rubutu ce ko duk abin da ke dawwama, har da abin da aka watsa a rediyo da talabijin. Dokar 2013 ta Ingila da Wales ta ƙara sharaɗin cewa sai maganar ta jawo, ko tana iya jawo, babbar illa ga mutuncin mutum. Saboda haka kada a fassara giba da *slander*. Ƙage ne *slander*.

Kalmomin surutu zalla ba su da wuya, don su ba sa buƙatar mutum na uku. Laifinsu, in da laifi, yawa ne ko rashin kan gado. *Chat* hira ce, ba yabo ba fallasa, haka *natter* da *chinwag* a bakin mutanen Birtaniya. *Small talk* ita ce 'yar maganar da ake yi da wanda ba a saba da shi ba don kada a yi shiru. Bature ba shi da ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, yaya ƙoƙari, sai ya cike gurbin da zancen ruwan sama da sanyi. *Chatter* zuba ce da sauri babu tsayawa, ana faɗinta ga tsuntsaye da birai, har haƙoran mai rawar ɗari ma *chatter* suke yi, kuma ce wa yarinya *chatterbox* tsokana ce ta ƙauna. *Prattle* shirmen yara ne, in aka jefi babba da ita raini ne. *Babble* maganar da ba a gane ta, gwarancin jariri ko sambatun mai zazzaɓi. *Waffle* a Birtaniya ita ce abin da muke kira dogon turanci, a yi ta kewaye-kewaye ba a ce komai ba, amma a Amurka ta fi nufin kasa tsayawa a kan magana ɗaya.

Ki kuma kula da *gist*. A Turancin Najeriya hira ce da ɗan tsegumi, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'anar a cikin kalmomin Najeriya da ya sanar a Janairun 2020. Amma a Landan ko New York *gist* gundarin magana ce. Wanda ya ce wa Bature *come and gist me* zai ga ya yi sororo yana kallonsa.

*Rumour* jita-jita ce. Bambancinta da *gossip* shi ne ta fi shafar aukuwar wani abu, ba a san tushenta ba, kuma tambayar da ke binta kullum ita ce gaskiya ne ko ƙarya. “Za a ƙara kuɗin mai” *rumour* ce. “Alhaji wane na shirin ƙara aure, uwargida ba ta sani ba” *gossip* ce, ko da ta tabbata. Ita *rumour* tana da jam'i. *Hearsay* kuma kalmar kotu ce, shaidar “an gaya mini”, wadda galibi alƙali ba ya karɓa. Akwai wasu guda biyu masu daɗin tarihi: *scuttlebutt* ta sojojin ruwan Amurka, asalinta gangar ruwan sha ce a cikin jirgi, da *furphy* ta Ostareliya, sunan kamfanin da ya ƙera amalanken ruwan da sojoji kan taru a jikinsu lokacin yaƙin duniya na farko. Ko'ina dai bakin rijiya ne matattarar labari.

*Tattle* ita ce gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma ina zaton ita ta rikita miki ƙamus. A da surutun banza take nufi, shi ya sa har yanzu *tittle-tattle* gutsiri-tsoma ce, kuma daga gare ta Richard Steele ya samo sunan jaridarsa *The Tatler* a 1709. Amma a bakin Ba'amurken yau, *to tattle on someone* kai ƙara ne irin na yara, “Mama, kin ga wane ya taɓa sukari”. Mai yin haka *tattletale* ne a Amurka, *telltale* a Birtaniya, inda aka fi cewa *tell on* ko *tell tales*. Duka kalmomin gida ne da filin makaranta. In aka yi amfani da su ga babban mutum, ana nufin ya yi halin yara.

Tunda ke malama ce, ga abin da zai yi miki amfani a aji. Makarantun firamare da yawa a Amurka suna koya wa yara bambancin *tattling* da *telling* ko *reporting*: na farko ka faɗa don ka jefa wani cikin matsala, na biyu ka faɗa don ka fitar da wani daga matsala. Yaron da ya ce wane yana cin gyaɗa a aji ya yi *tattling*. Wanda ya ce manyan ɗalibai suna tare wane a bayan aji suna ƙwace masa kuɗin tara ya yi *reporting*. Dalilin koyarwar a fili yake, tsoron a kira yaro *tattletale* kan sa ya yi shiru a kan zaluncin da ya kamata a sani.

Tarkuna biyu a nan. *Tell off* ba 'yar'uwar *tell on* ba ce, faɗa ne, *the teacher told him off*, malami ya yi masa faɗa. Sannan *tell on* tana da ma'ana ta biyu, *the work is telling on her*, aikin ya fara nunawa a jikinta. Haka *telltale signs* alamomi ne masu tona asiri, ba mutum a ciki.

Da an bar filin makaranta aka shiga duniyar manya sai kalmomin su yi duhu. *Snitch* ita ce ta fi yaɗuwa yanzu, kuma yaranki sun san ta daga waya. A da can hanci take nufi a bakin 'yan tasha na Ingila, zuwa ƙarshen ƙarni na 18 ta zama sunan mai kai wa hukuma rahoton abokan ɓarnarsa. Ba kai ƙara kawai take nufi ba, akwai cin amana a cikinta: kana cikinmu, ka san sirrinmu, ka sayar da mu. Kalaman nan *snitches get stitches*, wato mai tona asiri sai an yi masa ɗinki, barazana ce ta gaske a wasu unguwanni da gidajen yarin Amurka. *Rat on* da *rat out* sun fi ta muni ma. *Squeal* da *sing* na wanda ya sha matsa a hannun 'yan sanda ne ya fara zuba. *Stool pigeon* ta tsufa, sai a tsofaffin labaran 'yan fashi.

Kowace ƙasa kuma da tata. Ba'ostarele zai ce *dob in*. Ɗan Birtaniya zai ce *grass on* ko *grass up*, ko ya ce *he shopped his brother to the police*, babu ciyawa babu kanti a ciki. Daga *grass* aka samu *supergrass* a farkon shekarun 1970 a Landan, lokacin da ɗan fashin banki Bertie Smalls ya ba da shaida a kan abokansa da dama don a ƙyale shi. Kalmar ta ƙara fitowa a shari'o'in Ireland ta Arewa na shekarun 1980.

Can Ireland ta Arewa ɗin ma akwai wadda nake so ki sani, don mu nan mun san ta da wata fuska. *Tout* a Najeriya ɗan kamashon tasha ne, a Ingila mai sayar da tikitin kallo ta bayan fage da tsada. A Belfast kuwa, babban birnin Ireland ta Arewa, a zamanin rikicin da aka shafe kusan shekara 30 ana yi, *tout* mai kai wa sojan Birtaniya ko 'yan sanda rahoto ne, kuma wanda aka laƙaba wa sunan yana iya rasa ransa. A Disambar 1972 ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a yankin, ta ɗauke Jean McConville, bazawara mai 'ya'ya 10, daga gidanta bisa zargin tana kai rahoto, ta kashe ta. Sai a 2003 aka gano gawarta a bakin teku, kuma a 2006 ofishin da ke binciken ƙorafi a kan 'yan sandan yankin ya ce bai sami wata shaida da ke nuna ta taɓa yin hakan ba. Na kawo wannan ne don ki ga nisan da ke tsakanin *telltale* da *tout*, duk da ƙamus zai iya jera su a layi ɗaya.

Abin da nake ganin shi ne zuciyar lamarin: a wannan ɓangaren aikin guda ne, mutum ya san wani abu ya kai shi sama. Kalmar da aka zaɓa ba aikin take bayyanawa ba, tana nuna gefen da mai magana ya tsaya. Abokan ɓarawo za su ce *snitch*. Ɗan sandan da aka kai wa labarin zai rubuta *informant*, kalma mai sanyi wadda ko masu nazarin harshe suna kiran ɗan ƙasar da ke gaya musu yadda ake furta kalmomi da ita. Wanda ke kallon abin da ƙyama, musamman in don kuɗi aka yi ko don gwamnatin zalunci, zai ce *informer*. 'Yan haruffa ne na ƙarshe suka raba su, amma wadda ta ƙare da *-er* zagi ce. Mu kuma da muka ari kalmar muka ce infoma, sai muka juya mata baya, don a Zamfara da Katsina infoma 'yan bindiga yake kai wa rahoto, ba hukuma ba. Idan za a faɗi wannan da Turanci dole a bayyana wa yake yi wa aiki, *an informant for the bandits*, in ba haka ba Bature zai zaci mutumin 'yan sanda ne.

Wanda kuma yake ganin an yi abin kirki zai ce *whistleblower*, mai kwarmata bayanai. Hoton na alƙalin wasa ne ko ɗan sanda da ya busa usur don an yi ba daidai ba. Ɗan gwagwarmayar kare masu sayayya na Amurka, Ralph Nader, shi ya yayata ta a farkon shekarun 1970, da gangan, don a samu sunan da ba shi da warin *informer* da *snitch*. Ta kuwa karɓu har ta shiga doka: Amurka ta yi dokar kare irin waɗannan ma'aikata a 1989, Birtaniya ta yi tata a 1998, gwamnatin Najeriya kuma ta fito da shirin kwarmato a Disambar 2016 ta hannun ma'aikatar kuɗi, da alƙawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Sharaɗin kalmar dai shi ne mutum yana cikin ma'aikatar, ɓarnar ta shafi jama'a, kuma sau da yawa wanda ya tona ya fi shi ƙarfi. Amma ko a nan rigimar ba ta ƙare ba. Edward Snowden, da ya fitar da takardun hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a 2013, magoya bayansa *whistleblower* suke ce masa, gwamnatinsa ta tuhume shi a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, masu adawa da shi suna cewa *traitor*, jaridun da ba sa son ɗaukar gefe kuma suka riƙa cewa *leaker*.

Shi ya sa ni a ganina *report* ce ya kamata ɗalibai su fara riƙewa da kyau. Ba ta yabo, ba ta zagi, tana shiga jarrabawa, tana shiga wasiƙar ofis. Sauran su san su don su gane in sun ji, amma su yi hattara da furta su.

Akwai kuma wanda ya tona asiri ba da nufin kai ƙara ba, bakinsa ne kawai ba ya riƙe magana. Wannan *blab* ya yi, shi kuma *blabbermouth* ne. In suɓutar baki ce sau ɗaya, *he let it slip*.

Saura kuskure ɗaya da na tabbata za ki ci karo da shi, don daga Hausa yake tasowa. Yaranmu suna kiran mai kai ƙara munafuki, haka mai ɗaukar magana daga nan ya kai can don ya haɗa faɗa. Sai su buɗe ƙamus su ga *hypocrite*, su rubuta *she is a hypocrite*. Bature in ya karanta zai fahimci mai hana abu ne alhali shi yana yi a ɓoye, ba zai kawo annamimanci a ransa ba sam. Tsohuwar kalmarsu ta annamimi ita ce *talebearer*, tana cikin fassarar Baibul ta 1611, amma yau da wuya ki ji ta a bakin kowa. Idan kika ga *hypocrite* a rubutun ɗalibi, ki tambaye shi me yarinyar ta yi. In ƙara ta kai, *she told on us*. In magana ta kwasa ta haɗa mutane biyu, *she carries tales* ko *she stirs up trouble*, 'yan Birtaniya ma kan ce *she's a stirrer*. In kuwa a gabanki ta yi dariya a bayanki ta zage ki, *two-faced* ce.